Doki da Yatsansa Ɗaya: Darasin Kimiyya da ke Wucewa ta Ƙofar Makaranta

Ina gode wa shugabannin reshe da suka ware wannan lokaci domin mu tattauna ilimi, bayan an gama maganar albashi da ƙarin girma.

Duk inda malaman firamare suka taru, kukanmu a kan darasin kimiyya ɗaya ne: babu ɗakin gwaji, babu kayan koyarwa, littattafai ba su isa ba. Kuka ne na gaskiya, kuma ƙungiya ba za ta daina neman a share mana shi ba. Amma yaron da ke aji biyar bana ba zai jira ranar da za a gina ɗakin gwaji ba, baɗi ya tashi daga hannunmu. Saboda haka nake so in ja hankalinmu zuwa ga wani kayan koyarwa da ba ya bukatar kasafin kuɗi, wanda ke wucewa ta ƙofar makaranta da yamma in an fito kilisa, wato doki. Abin da zan ce a taƙaice shi ne, duk wanda ya fahimci ƙafar doki da haƙorinsa ya sami hanyar nuna wa yara yadda masana ke gano gaskiya daga shaida, kuma ya san yadda za a kula da dabbar ba tare da an cutar da ita ba.

Bari mu fara da ƙafa. Ina roƙon kowa ya miƙa hannunsa, ya lanƙwashe yatsunsa duka ban da na tsakiya, ya dafa bakin farcen a kan benci. To, a haka doki ke tsaye tun ranar da aka haife shi. Gaɓar da muke kira gwiwa a ƙafarsa ta gaba, ita ce daidai da wuyan hannunmu. Gwiwar hannunsa tana can sama, manne da ƙirji. Dogon ƙashin da ya taso daga wannan gaɓa zuwa ƙasa shi ne ƙashin tafin hannu da ke ɗauke da yatsan tsakiya, sai dai ya yi tsawo ya yi kauri. Ƙarƙashinsa akwai ƙasusuwa uku a jere, daidai da gaɓoɓi uku na yatsa, na ƙarshensu yana ɓoye cikin kofato. Kofaton kuwa farce ne, abin da aka yi shi da shi ɗaya ne da na farcenmu da gashinmu. Haka abin yake a ƙafar baya: gaɓar nan mai tsini da ke kallon baya dunduniya ce, gwiwar gaske tana sama kusa da ciki. Ingarma mai nauyin kilo 400 ko fiye, ga sirdi ga mahayi, duk a kan farce huɗu yake sukuwa.

Jikin doki yana da ƙasusuwa kimanin 205, na mutum 206, kuma mafi yawansu ana iya jera su ɗaya kusa da ɗaya a ga wanda ya yi daidai da wane. Bambancin yana wajen tsawo da kauri da wanda aka rage. Doki ba shi da ƙashin nan da ke haɗa kafaɗarmu da ƙirji a gindin wuya, tsoka ce da jijiya ke riƙe da kafaɗarsa, shi ya sa yake iya miƙa ƙafa nesa. Daga gwiwa zuwa kofato babu tsoka sam, sai ƙashi da jijiyoyi da fata. Tsokar duk an tara ta a sama, a kafaɗa da cinya. Kowane yaro da ya taɓa gudu da takalmin da laka ta maƙale masa ya san dalili: ƙafa mai nauyi a ƙasa ba ta saurin ɗagawa. Jijiyoyin kuma suna aiki kamar robar danƙo, suna miƙewa idan ya taka, su dawo su tura shi gaba, har ya yi tafiya mai nisa bai gaji ba. Akwai kuma tsarin jijiyoyi da ke kulle gaɓoɓin ƙafa, wanda ke ba shi damar yin gyangyaɗi a tsaye, ko da yake barci mai nauyi sai ya kwanta. Mai ɗaure doki da gajeriyar igiya har ya kasa kwanciya ya hana shi wannan barcin.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci ga darasinmu. A gefe biyu na wancan dogon ƙashi akwai wasu siraran ƙasusuwa biyu, suna farawa da kauri daga gwiwa, suna sirancewa har su ƙare kafin su kai ƙasa. Ba su taka ƙasa, ba su ɗauke da kofato. Inda suke zaune shi ne daidai mazaunin ƙasusuwan manuniya da yatsan zobe a tafin hannunmu. Yaro mai kaifin basira zai tambaya: me ya kawo gindin yatsu biyu inda babu yatsu? Wannan tambaya ce ta kai masana ga tono ƙasa.

A yammacin Amurka akwai wuraren da ruwa da iska suka zaizaye duwatsu, suka bayyana su hawa-hawa kamar an jera tabarmi. Hawan da ke ƙasa ya riga na sama kwantawa. A cikinsu ana samun ƙasusuwan dabbobin da suka mutu, laka ta binne su, suka daskare suka zama dutse. Ana gane shekarun kowane hawa ta wurin tokar aman wuta da ke tsakani, domin tana ɗauke da sinadaran da ke narkewa a kan ƙa'idar lokaci sananniya, kamar agogo. A irin waɗannan wurare wani masani na Jami'ar Yale, Othniel Marsh, ya tara ƙasusuwan dangin doki masu yawa. A shekarar 1876 ya raɗa wa mafi tsufansu suna Eohippus, wato dokin asuba.

Wannan dabba ta rayu kimanin shekaru miliyan 55 da suka wuce. Girmanta bai wuce na ƙaramin kare ba. Tana da yatsu huɗu a kowace ƙafar gaba, uku a kowace ƙafar baya, kowanne da ɗan ƙaramin kofato. Haƙoranta gajeru ne, irin na mai cin ganye mai laushi da 'ya'yan itace. A lokacin ƙasar kurmi ce mai dausayi, kuma a kan ƙasa mai taushi ƙafa mai yatsu a baje ta fi amfani, ba ta nutsewa. A hawan dutse na kimanin shekaru miliyan 35 ana samun Mesohippus, wanda tsayinsa ya kai santimita 60, da yatsu uku a kowace ƙafa, na tsakiya ya fi girma. Duniya tana ta yin sanyi da bushewa, kurmi yana ja da baya, fili mai ciyawa yana yaɗuwa. Wajen shekaru miliyan 17 da suka wuce sai ga Merychippus, mai tsayi kusan mita ɗaya. Har yanzu yatsunsa uku, amma nauyinsa yana kan na tsakiya, kuma haƙoransa sun yi tsawo. Jinsin da dokin yau da jaki da jakin dawa suka fito daga cikinsa, wanda masana ke kira Equus, ya bayyana kimanin shekaru miliyan 4 da suka wuce, da yatsa ɗaya, da waɗancan siraran ƙasusuwa biyu a matsayin abin da ya saura na yatsun gefe.

Dalilin sauyin a bayyane yake ga duk wanda ya san daji. A kurmi, dabba mai rauni ɓuya take yi. A fili babu maɓoya, sai gudu, kuma abinci da ruwa suna nesa da juna. Daga cikin 'ya'yan garke, wanda ƙafarsa ta fi dacewa da ƙasa mai tauri ya fi samun tsira har ya haihu, 'ya'yansa su gaji siffarsa. Makiyayi da ke zaɓen bijimin da zai bari a garke ya san yadda siffa ke taruwa daga tsara zuwa tsara. A daji, mahalli ne ke yin wannan tankaɗe, cikin shekaru miliyoyi.

Haƙori ma yana ba da labari iri ɗaya. Ciyawa tana da ƙwayoyin sinadari masu tauri irin na yashi a jikinta, ga ƙura da ƙasa da ke maƙale mata. Dabbar da ke cinta da gajeren haƙori, kafin ta tsufa haƙorin ya cinye, yunwa ta kashe ta. Turamen doki dogaye ne, mafi yawan tsawonsu yana binne cikin muƙamuƙi, suna fitowa a hankali, milimita 2 zuwa 3 a shekara, gwargwadon yadda samansu ke cinyewa. Wannan ajiyar haƙori na cikin dalilan da suka sa fuskar doki ta yi tsawo da zurfi. Baligin doki yana da haƙoran gaba 12 da turame 24, namiji kuma yawanci yana da fiƙa 4. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai fili mai dasashi zalla, kuma a nan linzami ke zama. Dasashi ne mai jin zafi, wanda ya fizgi linzami da ƙarfi a kan ƙashi mai siririyar fata yake fizga. Dillalan dawaki kuwa sun daɗe da sanin karatun haƙori: duƙushi yana canja haƙoran gaba na tsakiya yana ɗan shekara biyu da rabi, na gefensu a uku da rabi, na ƙarshe a huɗu da rabi, a shekara biyar baki ya cika. Dillalin da ya buɗe bakin doki a kasuwa da masanin da ya tono muƙamuƙi a dutse aiki ɗaya suke yi, kowa yana karanta abin da ya wuce daga alamar da ya bari.

Ciki ma an tsara shi ne don rayuwar fili. Saniya tana da tumbi mai ɗaki huɗu, ta cika shi, ta kwanta ta yi tuƙa. Doki ba ya tuƙa. Tumbinsa ƙarami ne, yana ɗaukar lita 8 zuwa 15, bai kai jarkar ruwa ba, kuma ciyawar tana narkewa ne can a babban hanji, inda ƙananan halittu ke ruɓar da ita. Ba shi da matsarmama, domin ba a yi shi don ya ci da yawa lokaci ɗaya ba. Idan aka sake shi yakan yi awa 16 a yini yana kiwo kaɗan-kaɗan. Sannan ƙofar tumbinsa tana rufewa gam, ba ya iya amai. Abin da ya shiga sai ya bi hanya har ƙarshe. Saboda haka dokin da aka ɗaure a turke, aka bar shi da yunwa, sannan aka zuba masa gero ko dusa mai yawa a tashi ɗaya, yana cikin haɗarin ciwon ciki, wanda yana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe dawaki. Mai barga da ya san wannan zai yawaita ingirici da harawa, ya raba hatsi kashi-kashi, ya sauya abinci a hankali, ya wadata shi da ruwa.

Ga iyaye da ke nan, akwai abin da ya shafi lafiyar 'ya'yanmu ranar hawa. Idanun doki a gefen kai suke, irin na dabbar da ake farauta, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi ba tare da ya juya ba. Wuri biyu ne ba ya gani: daf da goshinsa, da kuma bayan wutsiyarsa kai tsaye. Abin da ya taɓa shi daga inda ba ya gani, jikinsa ya ɗauke shi a matsayin zaki, harbi yake riga tunani. Yaron da aka bayyana wa wannan dalili ya fi kiyayewa a kan wanda aka yi wa tsawa kawai.

Akwai wani darasi a tarihin binciken kansa. A shekarar 1876 ɗin nan, wani shahararren masani daga Ingila, Thomas Huxley, ya ziyarci Marsh. Ya zo da ra'ayin cewa asalin doki a Turai yake. Da aka jera masa ƙasusuwan Amurka ya gani da idonsa, sai ya sauya ra'ayi, ya gyara laccar da ya shirya gabatarwa a birnin New York. Gani ya kori ji. Bayan haka an daɗe ana zana tarihin doki a littattafai kamar tsani, daga ƙarami zuwa babba a miƙe. Da ƙasusuwa suka ƙara yawa sai aka ga zanen bai yi daidai ba, kuma George Simpson ya bayyana haka a littafinsa na 1951. Tarihin ya fi kama da bishiya mai rassa barkatai. Akwai lokacin da jinsuna fiye da goma ke kiwo a zamani ɗaya a Amurka ta Arewa, wasu manya, wasu sun koma ƙanana, wasu sun ci gaba da cin ganye. Wani reshe mai yatsu uku, Hipparion, ya ƙetara zuwa Asiya da Turai da Afirka wajen shekaru miliyan 11 da suka wuce, har an sami sawun danginsa a tokar aman wuta a Laetoli ta ƙasar Tanzaniya. Rassan duk sun mutu, saura ɗaya. Idan kun ga zanen tsani a tsohon littafi, ku gaya wa yara cewa an gyara shi, ku gaya musu abin da ya sa. Yaron da ya san cewa ilimi yana karɓar gyara ba zai ji kunyar goge amsarsa ba.

Abin mamaki, nahiyar da doki ya samo asali ita ce ta rasa shi. Kimanin shekaru 10,000 da suka wuce dawaki suka ƙare ƙaf a Amurka, waɗanda suka riga suka ƙetara zuwa Asiya ne suka rage. Sai a 1493 jiragen Sifaniya suka mayar da su tsibiran yankin, a 1519 kuma suka sauka a Meziko. Game da horar da shi, an sami shaidar mutanen Botai a ƙasar Kazakistan suna tsare da dawaki kimanin shekaru 5,500 da suka wuce, amma binciken ƙwayoyin gado ya nuna ba su ne kakannin dawakinmu ba. Binciken da aka wallafa a 2021 ya kai asalin dokin gida na yau zuwa filayen da ke tsakanin kogin Volga da kogin Don a kudancin Rasha, kimanin shekaru 4,200 da suka wuce. Jaki kuwa ɗan Afirka ne, daga jakin jeji na arewa maso gabashin nahiyar aka horar da shi. Kusancinsu ya sa suke iya haihuwa tare, nisansu ya sa ɗan ba ya haihuwa: ƙunshin ƙwayoyin gado na doki 64 ne, na jaki 62, alfadari ya tashi da 63, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai.

Zuwa ƙasarmu, manyan dawaki sun biyo hanyoyin fatauci, irin Barbar daga arewacin Afirka ta Hamada, irin Dongola daga Sudan ta gabas. Littafin Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali da zamanin Sarki Kanajeji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410. Sarautun Madawaki da Shamaki sun samo sunansu daga doki da bargarsa. Iyakar mulkin mahaya kuwa ƙuda ne ya shata ta: inda kurmi ya fara, tsando yana nan, cizonsa yana kawo sammore, doki ba ya daɗewa. Dabbar da fili mai ciyawa ya siffanta ta sami gida a filayenmu, ta tsaya a bakin kurmi. Malamin tarihi da na kimiyya suna iya haɗuwa a kan wannan batu ɗaya.

To, yaya za a shigar da wannan cikin aji? Na farko, a nemi izinin mai barga a unguwa, a kai yara su tsaya a gefe, su gwada gaɓoɓin hannunsu da na doki, su zana. Na biyu, su kwatanta sawun doki da na akuya da na kare a kan ƙasa mai laima, su ƙirga yatsu: ɗaya, biyu, huɗu. Na uku, tunda miliyan ba ta shiga kan yaro da baki, a auna igiya mai mita 55 a filin makaranta, kowace mita shekara miliyan ɗaya. Eohippus ya tsaya a farkon igiya, Merychippus a mita 17 kafin ƙarshe, Equus a mita 4 na ƙarshe. Duk zaman doki da ɗan Adam, daga filayen Rasha har hawan Daushe, bai wuce milimita 4 da ɗoriya a bakin igiyar ba, bai kai faɗin ƙwayar masara ba.

Na san akwai malaman da ke tsallake irin wannan babi don gudun abin da iyaye za su ce. Damuwarsu abin fahimta ce, kuma ba a magance ta da raini. Mu da ke zaune a nan, Musulmi da Kirista, mun yi imani da Mahalicci, kuma tambayar wanda ya yi halitta ba ta cikin abin da shebur da ma'auni ke amsawa. Abin da ke wuyan malamin kimiyya shi ne ya faɗi abin da aka tono, inda aka tono shi, yadda aka auna shekarunsa, da abin da masana suka fahimta daga gare shi, ya rarrabe wa yaro tsakanin abin da aka gani da abin da aka hakaito. Idan muka yi shiru, yaron zai haɗu da maganar a sakandare ko a wayar hannu, daga bakin wanda bai damu da tarbiyyarsa ba, kuma zai ɗauka mun ɓoye masa ne don ba mu da amsa. Gara ya ji ta daga malamin da ya san shi, ya san iyayensa.

'Yan uwana malamai, cikin yaran da ke zaune a gabanmu akwai likitocin dabbobi da masu binciken ƙasa na gobe, kuma da yawansu ba za su taɓa ganin ɗakin gwaji ba kafin su bar firamare. Abin da za mu iya ba su yanzu shi ne ɗabi'ar duba abu da kyau, da tambayar dalili, da neman shaida kafin yarda. Ina roƙon kowace makaranta a wannan reshe ta gwada darasin igiya da na sawu kafin ƙarshen zangon nan, mu kawo abin da muka gani a zama na gaba, mu gyara wa juna. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya sa albarka a aikinmu da ɗalibanmu.